Azarar da Ubale Ya Gada

Shekarar da Ubale ya bar Dangora ya koma gefen Doguwa neman sabuwar gona, wansa Rufa'i ya ce masa, "Kafin ruwa ya sauka za ka dawo. Tabarmarka na nan." Saboda wannan maganar Ubale ya ƙi yin jinka, ya yi wa ɗakinsa rufin ƙasa, don kowa ya san ba ci-rani ya zo ba.

Ma'aikacin gandun daji na hukumar En'e ya hana saran marke da ƙirya, sai Ubale ya sari abin da aka bari, gawo da ararrabi. Ya sare su da duhun wata, ya jiƙa su a kududdufi, duk yadda ya ga ubansa na yi. A tsakiyar rufin ya ɗora tsohuwar azara daga ɗakin marigayi ubansa, don albarka.

Da bazara ta kama, wani gari mai laushi ya fara zubowa cikin fura.

"Malam," in ji matarsa Zuwaira, "ɗakinka ya iya niƙa. Saura ka koya masa tuƙa tuwo."

Ubale ya ɗaga kai, ya ga ƙananan ramuka kamar an bi itacen da allura. Ya shiga tambaya. Habu masassaƙi ya ce ƙwaron ararrabi ne, ba ya taɓa gawo. Wani makiyayi ya rantse cewa a wajen Kiru gawo kaɗai yake ci. Maƙwabci ya ce ƙwaron bai taɓa hawowa Doguwa ba, ko da yake yana tsaye garin na sauka a hularsa. Ubale ya koma gida da amsoshi fiye da itacen rufinsa, ba wadda ta toshe rami ɗaya.

Ana haka Gwaggo Tasalla, ƙanwar ubansa, ta zo ganin gida. Ta dubi sama, ta daɗe.

"Wannan ba azarar Yaya ba ce?"

"Ita ce, Gwaggo."

"Kai yaro! Ai ita ta cinye rufinsa. Ƙwaron a cikinta yake kwana, ya fito ya bi ɗanyen itace. Wa ya ba ka?"

"Yaya Rufa'i. Da hannunsa ya ɗaura min a jaki."

Ubale ya zauna. Gado wansa ya ba shi, ko hanyar komawa gida? Ya juya abin ta ko'ina, bai gane ba. Hadari kuwa ya fara haɗuwa a gabas, ba ya jiran mai tunani.

Ya rushe rufin, ya yi jinkar da ya raina. Ranar da Gwaggo za ta tafi, ya ɗaura azarar a jakinta.

"Me zan ce wa Rufa'i?"

"Ki ce albarkar ta yi min yawa ni kaɗai. Tabarmar kuma ya naɗe."