Wa Zai Zuba wa Wimalasena Ruwa

"Buɗe bakin mana, Malam," na ce, ina riƙe da cokalin kunun shinkafa. "Ni da teku ya haɗiye ya tofar, ba kai za ka gagare ni ba."

Wimalasena ya kawar da kai. "Appuhami, ai surutunka ne ya ishi tekun."

Katangarmu ɗaya da shi tun muna da baƙin gashi. Shi ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koya wa yara karatun addinin Buda a haikalin unguwa. Ni kuwa ko sunana ban iya rubutawa ba, amma ranar da teku ya hau gari na kama bishiyar kwakwa da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da akuya. Ku tambayi kowa.

Bai taɓa aure ba, danginsa kuma ruwan nan ya tafi da su. Abin da ke cinsa ke nan.

"In na tafi, wa zai zuba mini ruwa?" ya ce. Aikin dangi ne su riƙe buta, su tsiyaya a kofi har ya tumbatsa, ladan ya riski mamaci.

"Ɗalibanka fa?"

"Kul ka gaya musu. Jarrabawa suke."

Na ce to. Amma ni da na yi wa teku gardama, maganar majinyaci ce za ta ɗaure ni? Na ɗaura zanena na fita, na hau bas zuwa jami'a. Na samu Nilmini, shugabar ƙungiyar ɗaliban Buda, wadda Malam ya koyar tun tana majina.

"Kaka Appuhami, labarin akuyar ne kuma?"

"Ke 'yar nan, malaminku na mutuwa, kuna nan kuna lasar takarda."

Da yamma sai ga ta da damin ganyen bulat da ake taunawa, irin wanda ɗalibi ke miƙa wa malaminsa. Ta durƙusa, ta ɗora goshi a ƙafarsa. Ya harare ni.

"Tsohon banza, mai baki kamar ganga."

"Malam, da bai faɗa ba, da ba mu yafe masa ba," in ji ta.

Ya dafa kanta. "Kin karanta dai?"

"Na karanta, Malam."

Bai daɗe ba ya cika, ganyen na gefen matashinsa.

Ni na rataya fararen tutocin makoki a layi. Ranar jana'iza babban malamin haikali ya gyara rawayar rigarsa, ya dubi butar.

"Ina danginsa?"

Na yunƙura ni kaɗai. Sai na ji muryar Nilmini: "Ga mu, ranka ya daɗe."

Na waiga. Fararen kaya ko'ina: ɗalibai, direban bas, likita mai furfura, mata da goyo, duk shi ya koyar da su. Buta ɗaya ba ta ɗaukar hannuwan nan duka. Wanda bai kai ba ya dafa kafaɗar na gabansa, haka haka har suka fita ƙofa, suka bi layi.

Nilmini na yawo da maganar wai hannuna ya yi rawa, ita ta tallafe shi. Ƙarya ne, butar ce mai nauyi.

Muka karkata ta a hankali. Kofin ya cika, ruwan ya gangaro faranti, ya malala kan tabarma har ya jiƙa ganyen bulat ɗin.