Bakaniken da Ya Hutar da Sola

Kawu bakaniken janareta ne, shekara talatin da ɗoriya hannunsa na cikin baƙin mai. Da unguwa ta haɗa wutarta wuri guda, aka shimfiɗa allunan sola a rufin makaranta da na kasuwa, aka jera batura a wani ɗaki bayan asibiti, sai janaretoci suka yi tsit, sana'arsa ta bi su. 'Yar ƙanwarsa, injiniyar da ke kula da aikin, ita ta tsaya kai da fata har kwamitin unguwa ya ba shi tsaron ɗakin, gwajin wata uku. Ya riƙe aikin hannu bibbiyu, don ba shi da wani.

To, sati biyu ke nan batura ba sa cika. Yamma na yi wuta ta ɗauke, mai niƙa ya yi ta ƙorafi, firijin alluran asibiti ya yi ɗumi. An duba wayoyin wuta, an wanke alluna, shiru.

Rannan injiniya ta faɗo da tsakar rana, ta tarar da babban makunni a kashe, Kawu na zaune yana fifita da kwali.

"Kawu, wa ya kashe wannan?"

"Ni mana! Tun safe yake aiki, ga rana kamar ta dafa mutum. Kullum ƙarfe ɗaya nake hutar da shi awa biyu. Inji ma yana da haƙƙi, 'yar nan. Shi ya sa ban taɓa ƙona na kowa ba."

Da alfahari fa ya faɗa, bawan Allah.

Ta dafe kai. "Haba Kawu! Ai a lokacin nan yake cin abincinsa. Ranar da kake raba shi da ita, ita ce man nasa."

Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba a gaban yaro ko babba.

"Za ki gaya wa kwamiti?"

"Dole, an zubar da allurai. Amma zan roƙa su bar ka." Ta ɗaga makunnin, ta rufe akwatinsa, ta miƙo hannu. "Kawo makullin."

Ya ciro shi daga aljihu, ya ɗora mata a tafin hannu.

"To yanzu aikina mene ne?"

Ta kasa haɗa ido da shi. "Ka zauna kawai, Kawu. Kada ka taɓa komai."