Daƙiƙa Tara a Bayan Jan Layi

Abin da ya tsaya wa Dogo a maƙogwaro bai wuce wannan ba: ƙaninsa Auta, wanda shi ya koya masa tuƙa jirgi mai saukar ungulu, ya kai kayan masu gyaran eriya kan dutse a sawu ɗaya. Shi kuwa shekara goma sha biyu yana kai su a sawu biyu. Tun daga ranar ba a zancen kowa a rumfar jirage sai Auta, har manaja ya fara cewa a bar masa aikin dutsen kawai. Dogo sai murmushin yaƙe, amma kishi na cin sa.

Ranar da aikin ya zo kansa, da tsakar rana, ya ce a loda komai.

Tsohon makanikinsu ya goge hannu da tsumma. "Kyaftin, iska ta yi zafi, ba ta riƙe jirgi yanzu. In ka matsa wa inji zai ba ka ƙarfi, amma giyar da ke juya farfela tana da iyaka. Kada allurar ma'auni ta wuce jan layi."

"Haba Baba, yaron da na goya ma ya ɗauka."

Ya ja sandar ɗagawa. Jirgin ya tirje kamar jakin da aka yi wa lodin banza. Allura ta kai casa'in da biyar, ta kai ɗari, daidai jan layin. Ya gani sarai, ba wai bai gani ba. Fuskar Auta ce ta faɗo masa a rai, sai ya ƙara ja. Ya kai kayan a sawu ɗaya, ya dawo yana baza kafaɗa.

To, na'urar da ke adana bayanan tafiyar jirgi ba ta san kara ba. Makaniki ya duba, ta nuna daƙiƙa tara a bayan jan layi. Sai an sauke giyar an buɗe ta, wata guda jirgin na ƙasa. Manaja bai ko ɗaga murya ba, ya miƙa wa Auta aikin dutsen.

Auta ya iske Dogo yana kwashe kayansa daga kabad.

"Yaya, ni fa ƙarfe bakwai na safe na tashi, da mai rabin tanki. Allurar ko casa'in ba ta kai ba."

"Wa ya koya maka wannan dabarar?"

Auta ya sunkuyar da kai. "Kai mana, Yaya. Ranar da ka fara ɗora ni a kujerar tuƙi."