Kwalbar Gajere

…kuma bencin asibitin bai canja ba, Gajere, har inda na kankare fenti da cokali yana nan. Shekara ashirin da biyu. 'Yata na kwance a cinyata, shekararta tara, nauyinta kamar na kaza. Zawo da jini, wata huɗu. Hanjin ubanta ta ɗauko — gadon da zan bar mata ke nan?

Likita ta gane ni tun daga ƙofa. Furfura, tabarau a bakin hanci, biro a hannunta. Rayuwarta kaf a kan kumburin hanjin yara ta ƙare, daga ita sai tarin fayil da kwalabe a firji. Wai ni ne yaronta na farko da maganin gwajinta ya warkar. A gaban nas ta faɗa, har da dafa min kafaɗa…

Kai ka san yadda na warke, ƙanena.

An ce in gwajin kashi bai fita fes ba, za a sake zura min bututun nan mai kyamara. Ni? Ni da na sa kwaɗo a jakar hedimasta? Na ja ka banɗaki, na miƙa maka kwalbar gwajin, na ce cika ta, ƙwallona ya zama naka. Sau shida! Kashinka lafiyayye, ɗan banza. Duwatsu a aljihu kafin in hau sikeli, ciki na murɗa ina murmushi. Ƙwayoyin maganin kuwa — amai suke sa ni, tukunyar fulawar can ta shanye su.

Likita ta rubuta ni a takardar bincikenta. Ni kuma shekaru a tsugune a banɗaki, ni kaɗai, ƙofa a kulle. Makaranta ta gagara… ina ce wa mutane malaman ne suka yi min kaɗan.

Ɗazu, kafin ta tura mu jira a waje, likita ta ce: "Maganin da ya karɓi uba, da shi za mu fara wa 'ya. Mu ba shi wata shida."

Wata shida? Ina naman wata shida a jikin nan?

Sau ɗari na ba abokai labarin kwalbar, ana dariya har da riƙe ciki. Yanzu wa zan ba? Kai ka yi nisa, waya ba ka ɗagawa. Uwar yarinyar ta gaji da wankin zannuwa ta koma gidansu. In na buɗe baki, na zare wa tsohuwar nan tubalin farko na ginin da ta yi… yara nawa aka ɗora a kan maganin saboda ni? In na yi shiru —

Nas na kiranmu. Na saɓa 'yata a kafaɗa, ƙashin haƙarƙarinta na sukar wuyana. Likita ta riga ta jawo takardar magani, tana yi min wannan murmushin.

"Likita, kafin ki rubuta…"

Ta ɗago, biro a sama, tana jira. Ni, mai baki, sarkin labari — ban taɓa ba da wannan labarin ba sai da dariya. Ta ina ake farawa?