Mai Ido Ba Ta Gani Ba

Dogo ya juyo mata da fuskar kwamfutarsa ya ce, "Shugaba, duba mana wannan. Shekaranjiya 'yan sandan wata ƙasa suka kama mutumin, suka turo abin da ke wayarsa. Yara goma sha ɗaya ne. An gano goma, saura wannan."

An rufe yarinyar da ke hoton da baƙin tabo daga kai har ƙafa, kamar yadda dokar aikin ta tanada. Ɗakin da ke bayanta kawai aka bari, kuma karanta ɗakuna shi ne sana'arta. Daga ƙirar makunnin fitila ko rubutun jikin kwalin madara, takan faɗi ƙasar da aka ɗauki hoto, wani lokaci har garin. Shi ya sa abokan aikinta suke kiranta Mai Ido. Shekara goma sha huɗu tana farautar masu lalata yara ta intanet, ta zaga ƙasashe sama da ashirin tana koya wa jami'ai yadda ake kallon bango.

Ta gyara tabarau. Bango mai ruwan ƙwai, gefen kabad, sai shuɗin labule mai zanen kifaye, an kama bakinsa da jan zare, ɗinkin duk a karkace. Ita ta yi ɗinkin nan a ɗakin 'yarta, a tsaye, mota na jiranta a ƙofar gida za ta filin jirgi.

"Wace ƙasa kike gani?" in ji Dogo.

Da ƙyar ta ce, "Rufe shi. Ka miƙa wa mataimakina fayil ɗin. Bai kamata ya zauna a hannuna ba."

Dogo ya dube ta, ya dubi hoton, ya sunkuyar da kai. Da ma ya yi tambaya, da ya fi mata sauƙi.

*

Ta tarar da mahaifiyarta a falo tana ninke wanki. Tun rasuwar mijin Mai Ido, tsohuwar ce ke riƙe da gidan.

"A'a, baƙuwarmu ce da rana tsaka? Ko jirgin ne ya tashi ya bar ki?"

"Inna, ina Auta?"

"Tana ɗaki. Yau kwana uku ba ta leƙa makaranta ba. Ai na faɗa miki a waya."

"Yaushe?"

"Ran da kika ce in ajiye, za ki shiga taro."

Auta na zaune a tsakiyar gado ta rungume gwiwoyinta. Shekararta goma sha uku, amma ƙashin wuyanta ya fito kamar na mai jinya. Wayar na kife kusa da ita. Tsaraba ce uwar ta kawo bara, bayan tafiyar wata biyu, ta ce idan ta huta za ta saka mata matakan tsaro. Ba ta huta ba.

Mai Ido ta yi magana da yara ɗaruruwa a irin wannan hali. Ta san ba a tsaya musu a ka, ba a tare ƙofa. Ta zauna a ƙasa, ta jingina da ƙafar gadon.

"An kama shi, Auta. Ba zai sake aiko miki da saƙo ba."

Yarinyar ba ta tambayi wa ake nufi ba. Hawaye suka fara zubo mata ba sauti. Da kaɗan-kaɗan maganar ta fito. A wani wasan waya suka haɗu, ya ce shi yarinya ce sa'arta. Sun yi wata guda suna hirar makaranta kafin ya nemi hoto ɗaya. Daga nan ya ce idan ba ta ƙaro ba, zai tura wa 'yan ajinsu. Wata biyar ke nan.

"Me ya hana ki faɗa mini?"

Tambayar ta kuɓuce mata. Ita ce tambayar da take hana sababbin jami'ai yi, don tana ɗora wa yaro laifi.

Auta ta goge hanci da bakin rigarta. "Na gan ki a talabijin, Umma. Kika ce duk yaron da abin nan ya sama, a fara tambayar ina iyayensa suke. Aka yi ta tafa miki. Sai na ce idan aka ji, ke za a yi wa dariya."

Uwar ta tuna maganar sarai. A gaban madubin otal ta yi ta maimaita ta har ta zauna mata a baki, ta ji daɗin yadda ta fita. Ta miƙa hannu ta kama tafin ƙafar 'yarta, ta riƙe, amma ta kasa ɗaga ido.

"Ba laifinki ba ne," ta ce. Ta faɗa wa yara da yawa haka. Yau ne kawai ta san na wane ne.

*

Washegari da safe suka je ofis su uku. Mai Ido ba ta bi ta ƙofar ma'aikata ba. Wata likita ta tafi da Auta, ita da Inna kuma aka kai su ɗakin iyaye, mai kujerun roba da tulun ruwan sanyi a kusurwa. Ta sha wucewa ta ƙofarsa, ba ta taɓa zama a ciki ba.

Jami'ar da ta shigo ɗalibarta ce, yarinya mai natsuwa. Ta rasa ko ta sara mata ko ta zauna.

"Zauna ki yi aikinki," in ji Mai Ido.

Jami'ar ta buɗe takardar tambayoyi. Mai Ido ce ta tsara ta shekara shida da suka wuce, an fassara ta zuwa harsuna tara. Suna, shekaru, dangantaka da yarinyar. Duk ta amsa.

"Ranki ya daɗe, yaushe kika fara ganin canji a halin yarinyar?"

Ta laluba cikin watanni biyar ɗin. Ta ga ɗakunan taro, ta ga layin duba fasfo, ta ga fuskokin 'ya'yan wasu. Na'urar sanyaya ɗaki tana ta ƙugi.

Inna ta gyara zama ta ce, "'Yar nan, rubuta: tun ran da ta daina cin abinci a falo. Wata Laraba ce."

Jami'ar ta tsayar da biro a sama, don layin na amsar uwa ne. Mai Ido ta sa yatsa biyu ta tura takardar a hankali zuwa gaban tsohuwar.