Kwandalar Cibiya

Mijina Muftahu yana aikin gonar tumatir a Sifen, kuma abin da ya fara aiko wa ɗanmu Kadiri kwandala ce ta yuro biyu, mai zanen bakan gizon tsohon masallacin Kurɗuba. Ta ajiya ce, in ji shi, ba ta kashewa ba.

Surukata Mma Asana ba ta san ajiya ba. Cibiyar yaron ta ɗan turo, ita kuwa a unguwar Nima ta girma, inda ake ɗaure kwandala a kan irin wannan cibiya har ta koma.

"Mma, nas ta hana," na ce.

"Nas ta haifi nawa? Kuɗi da masallaci a kai, wane magani ya fi shi?"

Wa ya isa ya ja da ita? Ta ɗaure da tsumma, ta goya jikanta, ta shiga hidimar dafa wake da shinkafar da take sayarwa.

Da azahar ta sauke shi. Tsumma na nan, kwandala babu. Kadiri kuwa yana shekarun da ko takalmi ya samu sai ya kai baki, ga shi yana tari. Muka kakkaɓe tabarma, muka leƙa ƙarƙashin gado. Ba mu gan ta ba. Na rungumi Kadiri sai asibitin unguwar Maamobi, Mma na bina da takalmi wari ɗaya. A hanya na gaya mata maganganun da ba a gaya wa suruka.

Aka ɗauki hoton cikinsa. Muna zaune, ina jin numfashinsa da tafin hannuna, ina tunanin abin da zan faɗa wa ubansa.

Likita ya fito ya ce babu ƙarfe ko ɗaya a cikin yaron, mura ce kawai. Ban san ina kuka ba sai da na ji gishiri a bakina.

Mma ta durƙusa nan kan siminti ta yi sujada. Rigarta ta ɗaga, sai wani abu ya faɗo daga gadon bayanta ya yi ƙara. Kwandalar ce, tun safe gumi ya manne mata ita, har ta bar shaida a fatarta.

Kwandalar ta gangara ƙarƙashin benci. Mma ba ta ko kalle ta ba. Ta miƙo mini hannuwa, ta kira sunana.

"Wadia, don Allah, zan iya ɗaukan shi?"

Na miƙa mata.