Shafin Farko na Saratu

A shekarar da aka ba mu jihar Zamfara ne ƙanen matata, Jabiru direba, ya sauke mana fitina a tsakar gida. Yana jigilar kaya tsakanin Kaura Namoda da bakin iyaka ta Jangeru, sai a wata tafiya ya dawo da wani fiyano madaidaici mai cin batir, da littafin koyonsa wanda bangonsa ya daɗe da yagewa. Wani fasinja ne ya bar masa, in ji shi. Ya ajiye wa yayarsa Saratu, ya kama gabansa, ya bar ni da sauraro.

Ni Magaji hatsi nake sayarwa a kasuwar Kaura, ban taɓa zama a ajin boko ba. Saratu ma haka. Amma a karatun allo babu wadda ta kama ƙafarta cikin sa'o'inta. Ta sauke tun kafin a kawo ta gidanmu, kuma ba ta bari a manta. Da ta ɗauki littafin nan sai ta yi masa irin riƙon da ta san ana yi wa littafi. Ta yi bisimilla, ta buɗe shi ta dama, ta tarar da hoton haƙoran fiyano farare da baƙaƙe, kowane da ɗigonsa zaune a kan layi. Shafin da ke biye kuwa ya cika maƙil da ɗige-ɗige masu wutsiya, kamar tururuwa a kan buhun sukari.

Ta ce, "Wanga shi na darasin hwarko. In na hardace shi in ƙara gaba."

Dokar allo sananniya ce: ba a yi maka ƙari sai ka riƙe na jiya, kuma ba a leƙen gaba. Ita ta kafa wa kanta. Za ta dubi ɗigo ɗaya, ta koma hoton ta nemo haƙorinsa, ta danna, ta dawo kan na kusa da shi, daga dama zuwa hagu yadda karatu ke tafiya. A ɗakinta take yi, in ta sallami girki, kuma yaron da ya miƙa hannu wajen littafin ya san sauran.

Abin da ke fitowa ba zan kira shi kiɗa ba. Ba wai muni ne da shi ba, ba shi dai da kai, ba shi da gindi. Kana jiran ya sauka sai ya hau, kana jiran ya tsaya sai ya zarce. Kajin gidan sun saba da shi, ni ban saba ba.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Yatsun Saratu suka yi laushi, suka yi sauri. Ta daina duba hoton, daga baya ta daina duba shafin ma, tana bin sa da hannu biyu idonta na kan tukunya. Amma ta ƙi juya takarda, domin kunnenta bai gamsu ba. Na sha ce mata ta leƙa gaba ko da sau ɗaya ne, sai ta harare ni kamar na ce ta tsallake sura. Wata rana ta ɗaga hannu daga kan fiyanon ta ce, "Malam, wanda ya rubuta abin ga ba mahaukaci na ba. In bai yi daɗi ba, ni ta ban iya ba. Ashe ni daƙiƙiya ta ban sani ba?" Duk tsokanar da nake mata, ranar tausayinta ya kama ni.

Ana haka aka ƙaddamar da Shari'a. Makaɗa maza suka daina shiga wurin mata a bukukuwan unguwarmu, kowane maigida ya shiga duba abin da ke cikin gidansa. Yayana Abdulhamid shi ne babba a gidanmu, in ya yanke magana ba a ƙara mata gishiri. Ya kira ni zaure.

"Magaji, abin ga ya isa haka. Kowa na gyaran gidanai, mu kau sai ƙara. Da waƙa ta, da mun ji mi taka cewa. In an gama bukin Nadiya, Jabiru shi maida shi inda yaɗ ɗauko shi."

Ban musa ba, domin gaskiyarsa a fili take. Na gaya wa Saratu. Sai ta rufe fiyanon da zane. Washegari na tarar ta yaye zanen tana kan shafin nan nata, sai dai jikinta a sanyaye.

Nadiya 'yar Yaya ce, amma a Shinkafi ta tashi wurin goggonta, sai gaisuwar Sallah ke kawo ta. Ta gama kwalejin horon malamai, za ta auri wani abokin karatunta ɗan Zurmi, shi ya sa ta dawo gida saura 'yan watanni biki. Wata rana da azahar ina cin tuwo a ɗakin Saratu, Nadiya ta shigo gaisuwa ta zauna. Ta ga Saratu ta jawo littafin ta buɗe.

"Inna, don mi kinka hwaro daga ƙarshe?"

"Wane ƙarshe?"

Nadiya ta karɓi littafin ta juya shi, ta buɗe ta hagu. Ga hoton hannu, ga wasu ɗigogi ƙato-ƙato 'yan ƙalilan a warwatse, ko makaho ya laluba su. Ta ce, "Nan na hwarko, Inna. Kuma daga hagu aka biyo shi zuwa dama, kamar boko. Wanda kika yi kullum shi na darasin gamawa."

Saratu ta dube ni, ni kuma na dubi tuwona. Na ga tana buɗe littafin nan sau ba adadi ban ga aibu ba, ai haka ake buɗe littafi. Ta fara dariya, dariyar ta koma kuka, kukan ya koma masifa, ta sauke rabinta a kan Jabiru da ba ya nan, ta sauke sauran a kaina. Da ta huce sai ta share fuska, ta gyara zama, ta sake bisimilla a kan shafin yara. Kafin in wanke hannu ta gama da shi.

Abin da aka tsara a yi wata da watanni ana koyo, Saratu ta riƙa wuce shi tsakanin girki da girki, domin yatsun sun riga sun sha wuyar da ta fi wannan. Duk da haka ba ta tsallake shafi ko ɗaya ba. Inda ta sha fama shi ne da ta iso tsohon shafinta. Ido na jan ta gaba, yatsu na jan ta baya inda suka saba. Ta yi kwanaki tana kokawa da hannunta, tana yi masa faɗa kamar ɗan rainon da ya ƙi ji.

Wani hantsi na dawo gida ɗaukar mudu, tun daga zaure na ji shi. Kiɗa ne sosai, mai tafiya kamar fareti, ya hau inda ya kamata, ya sauka inda rai ke jira. Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa har ta kai ƙarshe. Da na leƙa ɗakin ta ce, "Malam, ashe waƙa tana ciki tun can. Ta wutsiya nir riƙe ta." Ban taɓa jin alfahari da mutum irin na ranar ba. Daga nan ta shiga zama da tsofaffin gidan, suna rera mata waƙoƙin biki tana lalubo su a kan haƙoran da kunne.

Ranar wuni, bayan la'asar, mata suka cika cikin gida, mu maza muna kan tabarmi a ƙofar zaure. Jabiru ya zo da motarsa, an riga an gaya masa kayan da zai koma da su. Can ciki aka fara kiɗan ƙwarya, sai fiyanon ya shigo a kansa, ya ɗauki waƙar amarya ya ɗaga ta sama. Wata ta rangaɗa guɗa, wata ta karɓe, muka ji ƙasa na amsa ƙafafu. Yaya Abdulhamid na gefena yana jan carbi, fuska a ɗaure. Na saci kallon ƙafarsa, na ga babban yatsan na aiki a ƙarƙashin riga.

Ba a jima ba wani baƙo daga Shinkafi, Amadu, ya matso ya durƙusa gabansa. Ya ce matarsa ce ta aiko daga ciki: suna da biki mako mai zuwa, matan na roƙon a ba su aron mai kiɗan nan, shi zai zo da mashin ya ɗauke ta. Yaya ya dakata da carbin, guɗa na ta tashi a bayanmu.

Ya ce, "Mashin? Matar gidanmu da kayan aikinta bisa mashin har Shinkahi? Jabiru, kai aɗ ɗan'uwanta. Ka kai ta da mota, ka jira ta ƙare, ka maido muna ita da abin nata."

Na so in tashi da gudu in gaya mata, amma ranar cikin gida na mata ne. Sai na gyara zama a tabarma, na ci gaba da sauraro.